Layinka ne, amma kai ne?

Sati uku da suka wuce wajen ƙarfe goma na dare ina zaune ina shan shayi sai ga kiran yayata tana kuka, wai an kira ɗanta daga ofishin shurɗa, wato 'yan sanda, an ce gobe da safe ya zo da iƙamarsa, katin izinin zama, kuma ba a ce masa ga dalili ba. Duk wanda ya zauna a nan Saudiyya ya san yadda cikin mutum ke ɗurar ruwa in aka ce masa haka, ko da kuwa takardunsa lafiya lau suke kafilinsa kuma, wato uban gidan da ya ɗauki nauyin zamansa, mutumin kirki ne. Yaron direban gida ne a nan Jidda, ba ya shaye-shaye ba ya rigima, daga aiki sai kallon ƙwallo, in ka ji ya ɗaga murya to Ittihad ce ta sha kashi. Na ce mata Yaya ki yi haƙuri ki kwanta, da safe tare za mu je.

Ashe maganar shariha ce, layin waya. An yi amfani da wani layi an damfari wata tsohuwa, irin damfarar nan ta daga banki muke kira za a rufe katinki karanto mana lambar da ta shigo miki yanzu, aka kwashe mata kuɗi, da aka bi diddigin layin sai ga sunan ɗan yayata da lambar iƙamarsa da basmarsa, wato zanen yatsansa, da komai. Kun san a 2016 aka kafa dokar ba ka cire layi a Saudiyya sai ka dangwala yatsa. Shi kuwa gogan naka shekara biyu baya wani ɗan garinmu da ba shi da iƙama ya yi ta roƙonsa ya cire masa layi, kunya ta hana shi cewa a'a ya bi shi ya dangwala, mutumin tuni aka yi tarhil ɗinsa, wato aka tasa ƙeyarsa, yana can gida, layin kuma ya ci gaba da yawo hannu zuwa hannu Allah kaɗai ya san ina da ina ya shiga.

Abin da ya cece shi bayan ikon Allah abu ne ƙarami. Askar ɗin da ke tambayarsa ya juyo da takarda ya nuna masa, ga lambar layin, ga rana, ga lokacin da aka yi kiran, ga unguwar da aka yi kiran daga cikinta. Yaro ya duba ranar ya ce wallahi wannan ranar ina hanyar Madina da iyalan kafilina. Aka kira kafil ya zo ya tabbatar, har da hotunan da yara suka ɗauka a hanya a wayar uwarsu. Kwana uku ana je ka ka dawo, ya faɗi wanda ya ba wa layin, ya sa hannu a ta'ahhudi, takardar alkawarin ba zai sake ba, aka yi masa faɗa sosai kuma ya cancanci faɗan, kalas.

To tun ranar nake ta juya abu ɗaya a raina. Da a ce ba a juyo masa da takardar nan ba fa? Da a ce an ce masa kawai muna da tabbacin kai ne, yadda muka sani kuma sirri ne ba ma faɗa, da me zai kare kansa? Ba zai ma san wace rana zai ce yana Madina ba. Kuma ba tatsuniya nake ƙirƙira ba, an shekara da shekaru ana yin haka a Amurka, ƙasar da kullum ake kawo mana misali da kotunanta.

Ni dai tsohon mai gyaran jawwal ne, na yi shekara tara a Suƙ Falasɗin kafin sa'udar 2016 ta ce sayar da waya da gyaranta na 'yan ƙasa ne kaɗai, muka tattara sukundireba muka kama wata sana'ar. Amma ƙwaƙwar karanta duk abin da ya shafi waya ba ta bar ni ba, a haka na ci karo da labarin na'urar da ake ce wa StingRay.

Wani kamfanin Amurka mai suna Harris da ke jihar Filorida ne ya ƙera ta, asali don sojoji da 'yan leƙen asiri, daga baya ta gangaro hannun 'yan sandan gari. Girmanta kamar ƙaramar akwatin tafiya, a mota ake sa ta. Aikinta kuwa shigar burtu. Wayarka ba ta barci, ko tana aljihu tana ta laluben burji, turken sabis ɗin nan da kuke gani a kan benaye, wanda ya fi ƙarfi kusa da ita shi take maƙale wa ta ce masa ga ni ga lambata. To na'urar sai ta yi kamar ita ce burjin, ta fi na gaskiyar ɗaga murya, wayoyin unguwa su ruɗu su taho mata suna miƙa lambobinsu, lambar da ke jikin sim da ake kira IMSI da wadda ke jikin ita kanta wayar wato IMEI, in ka danna *#06# za ka ga taka, lamba 15 ce. A tsohon tsarin 2G burji ne ke tambayar waya ke wace ce, ita waya ba ta da bakin tambayar burji kai wane ne, ta wannan kafar ake shiga, shi ya sa wasu na'urorin ke tursasa wayarka ta sauko 2G ko da kuwa tana kan 4G. Daga baya suka fito da wata sabuwa Hailstorm, akwai kuma ƙarama ta hannu KingFish wadda ɗan sanda zai riƙe yana bin bene ƙofa ƙofa har ya tsaya a ɗakin da wayar take. A 2014 jaridar Wall Street Journal ma ta bankaɗo cewa har a ƙananan jirage ake ɗora irinta ana shawagi a kan birane.

Kuma ba ta zaɓe, wannan ku riƙe shi. A ce an kunna ta a Bab Sharif bayan la'asar ana neman mutum ɗaya, to mai dabino da mai turare da Hajiyar da ta zo sarin abaya za ta kai Kano da yaron da ke tura baro duk wayoyinsu sai sun je sun gaishe ta, wani ma kiransa ya katse ya yi ta zagin shabaka, wato sabis.

Ni ba na'urar ce ta dame ni ba sosai, takardar da ke biye da ita ce. Kafin ofishin 'yan sanda na kowane gari ya saye ta sai ya sa hannu a yarjejeniyar rufe baki da FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta tarayyar Amurka. Shekaru ba wanda ya ga abin da ke cikin takardar sai a 2015 da wata ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta New York ta yi ƙarar ofishin sharif, wato shugaban 'yan sanda, na gundumar Erie kotu ta tilasta aka fito da ita. Abin da ke ciki shi ne ba za su faɗa wa kowa komai game da na'urar ba, ko a takardar neman waranti ko a gaban alƙali, kuma in har ta kai ta kawo za a tilasta musu faɗa to FBI na iya cewa a janye ƙarar gaba ɗaya. Ku sake karantawa. A saki wanda ake zargi ya tafi gida ya fi musu sauƙi da a ce ga abin da aka kama shi da shi. A wannan gundumar kaɗai sun kunna ta sau 47 tsakanin 2010 da 2014, sau ɗaya tak suka karɓo umarnin kotu.

To in ba za a faɗa ba me ake rubutawa a fayil? A Sarasota ta Filorida an ga wasiƙun imel na 2009 inda ake shawartar 'yan sanda su riƙa rubuta cewa wata majiya ta sirri ce ta ba su labarin inda mutum yake, alƙali na karantawa yana zaton wani ɗan rahoto ne mai jini a jika ashe akwati ce. Da ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta ACLU ta nemi ganin takardun garin a 2014 har an ba ta lokaci, sai jami'an tarayya suka riga ta zuwa suka kwashe fayilolin suka ce nasu ne. A Tacoma ta jihar Washintan alƙalai sun sa hannu a takardu wajen 170 suna zaton izinin karɓo bayanan kira ne daga kamfanin waya irin wanda aka saba, sai a jarida suka ji abin da ake yi da sa hannunsu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai na birnin Baltimo ta jihar Meriland ne. A watan Nuwamban 2014 ana shari'ar fashi, lauyan wanda ake tuhuma ya tambayi ɗan sandan ciki ta yaya kuka gano wayar, ya ce ba zai iya faɗa ba akwai yarjejeniyar sirri. Alƙali Barry Williams ya ce masa ai ba da kotu ka yi yarjejeniyar ba, ya yi barazanar kama shi da laifin raina kotu. Me masu gabatar da ƙara suka yi? Suka ce sun janye hujjar, waya da bindiga, a ci gaba ba su. Wata biyar bayan haka a wata shari'ar wani ɗan sandan ya faɗa da bakinsa cewa tun 2007 sun yi amfani da ita sau 4,300 a garin. Dubu huɗu da ɗari uku a gari ɗaya, kuma lauyoyin mutanen nan mafi yawansu ba su taɓa jin ko sunanta ba balle su yi tambaya.

Sai na Talahasi ta Filorida, shi har dariya yake ba ni amma dariyar takaici. Wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Tadrae McKenzie shi da abokansa suka yi wa mai sayar da wiwi fashi da bindigar wasa irin mai harba ƙananan ƙarafa, kayan dala 130 suka ƙwace, a dokar Filorida fashi da makami ne, mafi ƙaranci shekara 4 a gidan yari. Lauyoyinsa suka dage sai an faɗi yadda aka gano gidansa, alƙali ya ce a kawo na'urar a nuna musu, kafin ranar ta zo sai ga tayin sulhu, ya amsa ƙaramin laifi a sa masa ido na wata 6 yana gidansu. Ya karɓa mana, wa zai ƙi. To ka ga sirrin nan wuƙa ce mai baki biyu, wanda ya yi laifin da gaske in Allah ya haɗa shi da lauya mai naci sai ya sha, wanda lauyansa bai san ma akwai abin tambaya ba sai ya rufta ko ya yi ko bai yi ba, wanda aka yi wa fashin kuma ya tashi a tutar babu.

Kuma abin mamaki wanda ya fara tona asirin ɗan damfara ne. Daniel Rigmaiden sunansa, yana cike takardun haraji na ƙarya da sunayen mutane har da matattu yana karɓar kuɗin gwamnati, yana zaune a Santa Kilara ta Kalifoniya da sunan bogi ba wanda ya san fuskarsa, aka kama shi a 2008. Yana kurkuku ya yi ta tunani ta ina aka shigo masa, ya ga ba wata kafa sai ɗan modem ɗin intanet na Verizon da yake maƙala wa kwamfutarsa. Ya gaya wa lauyoyinsa cewa da wata na'ura aka aiko da sigina cikin ɗakinsa, suka ɗauka ya fara taɓuwa. Sai ya sallame su ya tsaya wa kansa, ya shekara da shekaru a laburaren gidan yari yana tonon dubban shafuka, takardun kasafin ƙananan hukumomi da bayanan taron kansiloli inda wani magatakarda ya yi sakaci ya rubuta sunan kayan da aka saya, har ya haɗa hoton abin ya aika wa masu bincike a waje. Bai ci shari'ar ba fa, a 2014 ya amsa laifi aka sake shi a kan wata 68 da ya riga ya yi. Amma ta dalilinsa duniya ta san sunan StingRay. Ana zaton wuta a maƙera.

Daren Alhamis ɗin da ta wuce na kawo maganar a majalisarmu ta Hindawiyya. Akwai wani dattijo da muke ce wa Baba Malam, tun shekarun 1980 yake nan, kafin ya zo ya yi aikin magatakarda a kotun alƙali a ƙasar Katsina. Ya saurare ni har na gama bai ce uffan ba yana jan carbi, sannan ya ce, kai yaro, to a ina suka yi i'izarin?

Na ce Allah gafarta Malam wane i'izari kuma.

Ya ce mu a kotunmu ko akuya ake shari'a a kanta alƙali ba ya yanke hukunci sai ya juyo ga wanda hukuncin zai hau kansa ya ce masa ka ji abin da shaidu suka faɗa, kana da suka a kansu, kana da sauran hujja? In ya ce yana da ita a ba shi kwanaki ya kawo. In ya ce ba shi da ita a rubuta a gaban mutum biyu adilai cewa an yi masa i'izari. Hukuncin da ba i'izari in aka ɗaukaka ƙara rushe shi ake yi ko da kuwa alƙalin ya dace da gaskiya, duk wanda ya karanta Tuhufa, littafin alƙalanci na Malikiyya, ya san wannan. Kuma shaida kafin a karɓi maganarsa sai an yi masa tazkiyya, a san wane ne, ɗan wane ne, yana da gaba da mutumin nan ko babu, idonsa na gani da kyau ko yana hawainiya. Wanda ake ƙara yana da damar tajrihi, ya ce wannan maƙaryaci ne ga dalilina. To wannan akwatin naku shaida ne, tunda shi ya ce na ga wane a wuri kaza. Wa ya yi masa tazkiyya? An shigo da shaida a lulluɓe an ce kada a buɗe fuskarsa kada a tambaye shi, har an canza masa suna an ce majiya, ai wannan ko alƙalin ƙauye ba zai karɓa ba.

Wallahi duk karance-karancen da na yi ba wanda ya warware mini abin kamar maganar tsohon nan. Su ma Amurkawan suna da irinsa a rubuce, tsarin mulkinsu ya ba wanda ake tuhuma damar fuskantar masu shaida a kansa, kuma tun 1963 kotun ƙolinsu ta yanke cewa mai gabatar da ƙara ba zai ɓoye abin da zai amfani wanda ake tuhuma ba. Takardar FBI ce ta zo ta hau kan duk wannan ta zauna.

Amma ba kowa ne ya yarda ba a majalisar. Akwai wani ɗan'uwa ɗan Zamfara da ke aikin gini, bara aka ɗauke ƙaninsa a hanyar gona, da riyal ɗinsa da ya tara shekara uku aka fanso yaron. Ya ce Baba Malam ku gafarce ni, mutanen nan da waya suka yi ta kirana har nan Jidda muna ciniki kamar na shanu, sati biyar, layi ɗaya, ba wanda ya bi su. Ni da za a samu na'urar da za ta nuna inda suke wallahi ko aljani ne a cikinta ban damu a faɗa wa alƙali sunansa ba. Majalisa ta yi tsit, don ba wanda zai kalli idonsa ya yi masa lacca.

Ni dai abin da na ce masa, kuma har yanzu a kansa nake, a bi su ɗin, a sayi na'urar a kunna a kamo su, ba wanda ya ce a bar ɓarawo don ana jin kunyar wayarsa. Hujjar 'yan sanda ita ce in aka bayyana yadda take aiki miyagu za su koyi kauce mata, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba wanda ya ce a buga zanen cikinta a Facebook. Amma tsakanin buga zanen ciki da gaya wa alƙali ranka ya daɗe da na'ura kaza muka gano shi, ga ranar ga wurin ga wanda ya riƙe ta ga iyakar kuskurenta, akwai tafiya mai nisa. Manyan miyagu ai sun daɗe da sanin waya na tona asiri, shi ya sa suke canza layi kamar riga suke cire layi da basmar yaran mutane irin ɗan yayata. Wanda sirrin ya rufe wa ido alƙali ne da lauya da talakan da ke tsaye a akwatin tuhuma. Kuma in aka kamo wanda ba shi ba aka rufe fayil, wanda ya ɗauki ƙaninka yana nan a daji yana jiran na gaba.

Ga shi ma da asirin ya tonu sama ba ta faɗo ba. A watan Satumban 2015 ma'aikatar shari'ar Amurka ta ce daga yanzu jami'anta sai da waranti kuma sai sun faɗa wa alƙali ainihin abin da za su kunna, sai dai a yanayin gaggawa. A Maris 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta Meriland ta yanke a shari'ar Kerron Andrews, wanda aka gano da Hailstorm a cikin wani gida ba tare da alƙalin da ya sa hannu ya san da ita ba, cewa hakan ya saɓa tsarin mulki, bayan mutumin ya yi kusan shekara biyu a tsare. A Yulin shekarar wani alƙalin tarayya a New York, William Pauley, ya yi watsi da ƙwayoyin da aka kama ta wannan hanyar. A 2018 kotun ƙoli da rinjayen 5 da 4 ta ce ko tarihin wuraren da wayarka ta je da ke ajiye a kamfani sai da waranti, a shari'ar Carpenter da aka karɓo bayanansa na kwana 127. Har yau suna amfani da na'urorin, wani rahoton majalisarsu na ƙarshen 2016 ya ce ma'aikatar shari'a kaɗai na da 310 kuma ta kashe sama da dala miliyan 71 a kansu cikin shekara biyar, kuma umarnin 2015 ɗin bai hau kan 'yan sandan jihohi ba, kowace jiha da nata.

Abin da mutanenmu ba sa so su ji shi ne na'ura na kuskure. Mu in aka ce kwamfuta ce ta faɗa shi kenan kamar an sauke aya. Ni da na buɗe cikin waya ta fi dubu na san ba haka ba ne. Na sha ganin ƙananan wayoyin nan na jabu kwali guda IMEI ɗinsu ɗaya, na sha canza wa waya bod ta tashi da lambar wata wayar da mai ita ya sayar tun bara. Burji ma ba kullum na kusa da kai ke ɗaukarka ba, in ya cika sai ya tura ka na gaba, duk wanda ya yi aikin Hajji a Mina ya san yadda shabaka ke hauka in mutane suka taru. Kuma ba sai a wayar jabu ba. A Denmak, ƙasar da komai nata a tsare yake, a 2019 aka gano manhajar da 'yan sanda ke juya bayanan kamfanonin waya da ita tana zubar da wasu layukan, wani wurin kuma ana haɗa waya da burjin da ba shi ba. Sai da suka ce a sake duba shari'u 10,700 tun daga 2012, suka dakatar da karɓar irin hujjar na wata biyu, suka saki mutum 32. An gano ne don akwai damar a ɗauko asalin bayanan a gwada da wanda aka kai kotu. Da sirri ne da har yau mutanen na ciki.

Turai ma ta sha irin rigimar a kan EncroChat, wayoyin sirri da dillalan ƙwaya ke amfani da su, a 2020 jandarmomin Faransa suka kutsa ciki suka kwashi miliyoyin saƙonni suka raba wa Ingila da Holan da Jamus, aka kama dubban mutane, da lauyoyi suka ce a nuna mana yadda aka kwaso sai Faransa ta ce sirrin tsaron ƙasa ne. Sai da magana ta kai kotun Tarayyar Turai, a Afrilun 2024 ta ce in wanda ake tuhuma ba shi da halin yin magana mai ma'ana a kan hujjar da za ta iya yanke masa hukunci to a ajiye ta gefe. Da na gaya wa Baba Malam sai ya ce to ai i'izarin kenan, sun sha wuya kafin su iso.

Gida Najeriya kuwa kalma ɗaya ce ke kashe baki, tirakin. An yi tirakin ɗinsa. Da an faɗi haka a caji ofis ko a gaban 'yan jarida an jera mutane a ƙasa ba riga to magana ta ƙare, ba mai tambayar layin aka bi ko mutumin, da wace na'ura, wa ya ba da izini. Alhali dokokin na nan, sashe na 36 na tsarin mulki ya ba ka damar yi wa shaidun gwamnati tambayoyi, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ce hujjar da ta fito daga kwamfuta sai an nuna na'urar na aiki daidai a lokacin, hukumar NCC ma ta fitar da ƙa'idojin sauraren waya a 2019 da suka yi maganar waranti. A Disamban 2020 masu bincike na Citizen Lab a Kanada suka sa Najeriya cikin ƙasashen da suka ga alamar suna amfani da kayan kamfanin Circles, wanda shi ba ya ma buƙatar zuwa unguwarku, ta cikin hanyoyin kamfanonin waya yake bi, a watan ne kuma aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN. To kayan aiki akwai, doka akwai, amma mutum nawa ne cikin masu jiran shari'a a gidan yarin Kurmawa na Kano ke da lauyan da zai miƙe ya ce a kawo mana takardar tirakin ɗin mu gani? Mu da ke nan kuma ga ƙarin nauyin harshe, wani Larabcinsa na kasuwa ne, kam haza da ma fi mushkila, in aka fara maganar burji da lambobi ta bakin mutarjim, wato tafinta, sai ya yi ta gyaɗa kai don a gama.

Shekaranjiya na sa ɗan yayata ya zo gida na ce buɗe Arƙami, sabis ɗin hukumar sadarwa da ke nuna maka duk layukan da ke kan iƙamarka. Ya ce Kawu ai guda biyu ne sai wancan da aka rufe. Muka sa lambar iƙama, saƙo ya shigo, ya buɗe. Biyar ne. Ya yi shiru yana kallon allo, can ya ce wannan na ƙarshen kamar na wata Inna ce da ta zo Umara da azumin bara ta ce za ta yar in za ta tafi, ɗayan kuma wallahi bai san shi ba. Muka tura buƙatar soke su tun a daren, uwarsa na gefe tana ta yi masa faɗa daga kan layi har ta gangaro kan maganar aure. Da zai tafi na karɓi wayarsa na shiga saitin in kashe masa 2G, tunda daga Android 12 wasu wayoyin na da wurin kashewa, na duba sama na duba ƙasa tasa ba ta da shi.